Hoton Ɗakin 'Yar Fari

Shekaranjiya wata yarinya ta shigo shagona a Makarfi, ta ɗauki tsohuwar kyamarar da ke kan kantar shago, ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Anti Asabe, wai ta ina ake ganin hoton a jikinta?" Na ce ba a gani. Ta ce to ta yaya mutum zai san ya yi kyau? Na ce sai bayan kwana uku, idan an dawo da shi daga wanki a Zariya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita wayarta kafin in rufe baki ta ɗauki ashirin. Ban ji haushi ba, don gaskiya ta faɗa. Amma tunda ku 'yan yanzu kun ɗauka sana'ar nan danna yatsa ce kawai, ku zauna in ba ku labarin aiki guda. Ni ma da haka na ɗauka.

Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, shi ke da shagon nan tun asali. Ya shekara da shekaru yana hoton fasfo da na 'yan makaranta da na samarin da suka sayi sabon babur. Abin da ya gagare shi shi ne cikin gida. Namiji baligi ba ya wuce zaure, kuma can ciki ake biki, can ake suna. Ya gaji da tsayuwa a waje yana jin guɗa ta kan katanga, sai ya je ya ce wa mahaifiyata ta ba shi ni. Lokacin na haura ashirin, ina zaune a gida ina ɗinkin hula.

Kyamara biyu gare shi. Akwai ƙarama ta roba mai yin komai da kanta, wadda muke kira oto: ka nuna, ka danna, in wuri da duhu ta walƙa fitilarta ba tare da ta shawarce ka ba. Akwai kuma babba ta ƙarfe, mai lambobi zagaye da wuyanta, wadda komai sai ka saita da hannu. Ya ce zai koya mini babbar. Na kalli lambobin nan, ni da na yi sallama da lissafi tun aji shida, na ce a bar ni da ƙaramar. Ya ce, "To." Kawu ba ya jayayya da mutum, jira yake yi. Wata uku ina ɗaukar mata a tsakar gida, rana na haskawa, hotuna na fitowa tas. Aka fara kirana Asabe mai hoto, kaina ya yi girma har ɗankwali ya fara matse ni.

Aikin da ya sauke mini girman kai biki ne a Hunkuyi. Wata dattijuwa, Inna Balaraba, za ta aurar da 'yarta Rabi, malamar firamare, za a kai ta Ikara. Rabi ita ce 'yar fari. Wataƙila ba ku san nauyin wannan ba, ku da kuke ɗaukar hoto da iyayenku kumatu a manne. A wancan tsarin, uwa ba ta faɗin sunan 'yar fari, ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta zuwa jere, ba ta kai amarya. Ita za ta tara kwanukan nan ɗaya bayan ɗaya tun yarinya na goye, amma ranar da za a jera su, ƙannenta da ƙawayenta ne za su tafi, ita tana gida tana fama da baƙi. Kuma za a daɗe ƙwarai kafin ta taka ɗakin, in ma ta taka.

Ranar jere da safe, ana ɗora kaya a mota, Inna Balaraba ta yafuto ni bayan rumbu. Ta duba hagu da dama ta ce, "Ke ce mai hoton?"

"Ni ce, Inna."

"In kun je can, ki ɗauko mini ɗakin. Ɗakin kawai, ba sai da mutane ba."

Na ce an gama. Na yi mamakin abin a raina, don kowa fuskarsa yake so a ɗauka, amma ban tambaya ba.

Ɗakin na Ikara ciki ɗaya ne, taga guda ƙarama. Masu jere sun yi aiki: kabad mai gilashi ya cinye bango guda, cike da kwanukan samira da langa da tangaran, layi bisa layi, komai na ƙyalli. Na kore mata gefe, na tsaya a tsakiyar ƙofa, na fuskanci kabad sosai, na danna sau biyu. Fitila ta walƙa, mata suka yi guɗa, na koma tsakar gida na ƙarar da sauran fim ɗin a kan ƙawayen amarya.

Da aka dawo da wanki, hotunan ƙawaye duk sun yi. Na ɗakin kuwa, tsakiyarsa wani farin dunƙule ne kamar an kifa faifai, gefe da gefe kuma baƙi ƙirin. Na nuna wa Kawu na ce masu wanki sun ɓata mini aiki. Ya ɗaga fim ɗin ya duba a hasken ƙofa, ya ce, "Masu wanki ba su da laifi. Kai mata haka." Na ce in kai wannan? Ya ce ai ta aike ki, sai ki kai saƙo.

Na same ta tana tankaɗe. Ta goge hannu, ta karɓa, ta daɗe tana kallo. Ta juya shi a kaikaice, ta matsa inda ya fi haske.

"Wuta ce haka a ɗakin?"

"A'a, Inna, fitilar kyamara ce."

Ta ɗora yatsa a kan farin. "Nan, me ke bayansa?"

Na shiga ɗakin nan, na tsaya a cikinsa, amma ban kalle shi ba. Na ce, "Kwanuka ne, Inna."

"Kwanuka," in ji ta. Sannan ta sassauta murya. "Akwai wata tsohuwar tasa ta tagulla. Da ita aka kai uwata ɗaki, da ita aka kai ni. Masu jere sun ce ta tsufa, ta yi baƙi, za ta ɓata musu layi. Ni dai na cusa ta cikin kaya. Ban san inda ta kwana ba."

Na ce me zai hana ta tambayi ƙanwarta, ai da ita aka je. Ta kalle ni kamar na yi saɓo. "A ce ina bin diddigin ɗakin yarinyar nan? Su samu abin yi da ni har in mutu?" Na ce to bari in koma Ikara in dubo, in zo in gaya mata. Ta girgiza kai. "Kowa ya dawo ya ce mini ɗaki ya yi kyau. Ke ma in kin tarar da ita a bayan gida ana ba kaji ruwa, cewa za ki yi tana sama. Gani ya kori ji, 'yar nan. Kuma kada ki ce wa yarinyar komai."

Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta a sana'a ba. Daga mota ban biya gida ba, shago na wuce, na sauko da babbar kyamara daga ƙusa na ajiye a gaban Kawu. Bai ce ai na gaya miki ba. Ya dai yi ɗan murmushin nan nasa da ya fi zagi ciwo.

Ya buɗe bayanta, ba fim a ciki, ya nuna ta ƙofar shago ya ce in leƙa. Ya danne maɓalli, ya murɗa zoben da ke wuyan gilashin, sai na ga wani rami yana faɗi yana tsukewa kamar idon mage. "Wannan taga ce," in ji shi. "Ita ke cewa ga yawan hasken da zai shiga." Ya murɗa wani ɗan dunƙule a sama, ya danna, labulen ciki ya buɗe ya rufe. Ya sake murɗawa ya danna, wannan karon labulen ya ɗan jima a buɗe. "Wannan kuma ƙiftawa ce, ita ke cewa ga tsawon lokacin. Na ukun yana jikin kwalin fim: mai lamba ɗari rana yake so, mai ɗari huɗu yana haƙuri da inuwa. Haske ruwa ne, fim tulu ne. Ko ki kwara da yawa ki tsaya da wuri, ko ki bar shi yana tsiyaya ki jira. In bai cika ba hoto ya yi duhu, in ya yi ambaliya ya yi fari."

Na duba zoben na ga a lamba biyu tagar ta fi faɗi, a sha shida kuma ta zama kamar kafar allura. Na ce, "Kawu, wa ya tsara lambobin nan a baibai?"

"Wanda ya tsara bai nemi shawarata ba. Haddace kawai."

Na ce to ai sai in wangale tagar gaba ɗaya in huta. Ya ce in gwada. Ya jera kwalaben lemo uku a kan benci, ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mini wani hoto da ya taɓa ɗauka haka: ta gaba ta fito sarai, na baya sun narke. Ashe in taga ta yi faɗi, abin da ka saita a kansa kaɗai ke fita, in kana son ɗaki ya fito daga bakin gado har bango sai ka tsuke ta. In ka tsuke ta kuma dole ƙiftawa ta yi tsawo, in ta yi tsawo kuwa numfashinka ma ya isa ya girgiza hoton. Kowanne ka ja, ɗayan ya motsa. Daga nan ya ba ni tocila ya ce in haska madubin shago kai tsaye. Hasken ya dawo ya soke mini ido. Ya ce in matsa gefe in sake. Sai ga madubi, ga abin da ke cikinsa, idona lafiya. "Abin da kika yi wa kabad ɗin mutane ke nan," in ji shi.

Mako guda ya hana ni fim, wai fim ba ganyen rama ba ne da za a tsinko a bayan gida. Akwai wata 'yar allura da ake gani in an leƙa, tana hawa in haske ya yi yawa, tana sauka in ya yi kaɗan. Da ita na yi ta yawo ɗaki ɗaki a gidanmu. A makon nan na gano abin da na shekara ashirin ina kwana a cikinsa ban lura ba: hasken ɗakin mahaifiyata na hantsi daban, na la'asar daban, kuma in aka shanya farin zane a igiyar tsakar gida allurar sai ta ɗaga, in baƙi ne ba ta motsi. Na ruga na gaya wa Kawu kamar na tsinci kuɗi. Ya ce, "To, kin fara gani." Mahaifiyata kuwa cewa ta yi a nemo mini rubutu, don ta gan ni ina leƙen ƙarƙashin gado da kyamara babu fim.

Ranar da na koma Ikara na isa da hantsi, da fim mai ɗari huɗu da farin zanen gado a jaka. Na ce wa Rabi na farkon bai yi ba, na zo in sake. Ta ce bismilla. Ina shiga idona ya tafi kan kabad. Na bi layi na sama, na bi na tsakiya, na durƙusa na bi na ƙasa. Samira, langa, tangaran. Babu tasa. Na tsaya ina tunanin ko in karya alkawari in tambaya, a fiddo ta daga duk inda aka jefa ta, in saka a kabad in ɗauka. Amma ai wannan ita ce ƙaryar da Inna ta ce ba ta so, sai dai an yi ta da fim maimakon baki. Na ce a raina abin da na tarar shi zan kai.

Ƙafa ukun da ake ɗora kyamara guda ɗaya ce a shago, Kawu ba ya barin ta fita. Na ce a ara mini turmi. Matar wan ango, wata mai barkwanci da ake kira Yaya Lami, ta ce, "Yau ga ikon Allah, hoton ma sai an daka?" Muka mirgino shi ciki, na kife shi a kusurwa, gefe da kabad yadda gilashi ba zai dawo mini da haske ba. Na ɗora kujerar tsuguno a kai, na ɗora kyamara. Na ɗage labulen ƙofa, na buɗe taga. Na tsuke tagar kyamara zuwa takwas, na leƙa, allura tana ƙasa. Na ba Yaya Lami farin zanen na ce ta fita inda rana take, ta ware shi, ta karkato shi ya fuskanci ƙofa.

Tana karkatowa ɗakin ya washe. Sai wani abu ya amsa daga lungun da ke kan gado, inda ban kalla ba tun shigowata, wani haske ja-ja mai ɗumi wanda ba irin na samira ba. Tasa ce, a kan ɗan ƙaramin tebur dab da matashi, an goge ta tana sheƙi, a cikinta ga carbi, ga tandun kwalli, ga agogon hannu.

Rabi tana tsaye a bayana. Ta ga inda nake kallo. Ba ta tambaye ni wa ya aiko ni ba. Ta dai gyara ɗankwali ta ce, "Anti, ki tabbata lungun nan ya fito."

Na juya kyamara kaɗan yadda za ta kwashi kabad da kan gado. Allura ta ce rabin daƙiƙa. Ban yarda da yatsana ba, na murɗa ɗan agogon da ke sa kyamara ta danna kanta, na janye hannu, na riƙe numfashi. Na ɗauka yadda allura ta ce, na ƙara ɗaya da ɗan tsawo, na ƙara ɗaya da ɗan gajarta, kamar yadda Kawu ya ce. A waje Yaya Lami tana ta ƙorafin hannunta ya gaji, wai ko shanya ba a yi wa mutum haka.

Kwana ukun nan na wanki sun yi mini tsawo. Wanda na ɗauka yadda allura ta ce ne ya fi kyau. Ana iya ƙirga furannin da ke jikin samira, ana ganin ɗinkin matashi, kuma can a lungu ga tasa.

Na sami Inna Balaraba a gindin rumbun nan dai. Ta karɓa, ta fara daga kabad kamar yadda na fara. Na ga yatsanta yana bin layi ɗaya bayan ɗaya, yana rage sauri. Ya kai ƙarshen na ƙasa ya tsaya. Na ciji leɓe, don ba aikina ba ne in nuna. Sai yatsan ya gangara gefe, ya hau gado, ya isa lungu. Ta daɗe a wurin.

"Da tsamiya da toka ta goge ta," in ji ta. "Ashe tana kallona lokacin da nake yi." Ta naɗe hoton a gefen zaninta, ta miƙe, ta ce bari ta duba tukunya, alhali babu wuta a murhu.

Tun daga ranar ban sake taɓa oto ba. Da zamani ya juya aka daina fim, na je Kano sayen kyamara mai kati. Mai shagon ya ga mace daga ƙauye, ya ɗauko mini wata da gilashi mai tsawon taɓarya, wai da shi ake ɗauko mutum daga nesa. Na ce masa ni ba farauta zan je ba, ɗakunan da nake shiga taku huɗu ne. In za ku saya, ga abin da na duba, ku ma ku duba. Ta yarda ka saita taga da ƙiftawa da hannunka? Gilashin gajere ne mai kwasar ɗaki, kuma tagarsa tana buɗewa sosai? In na hannu ne, wanda wani ya taɓa amfani da shi, ka cire shi ka ɗaga a haske, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo a ciki ka ajiye, danshi ya ci shi. Batirinta ana samu a Zariya? Ka sayi biyu, kun dai san halin wutarmu. Sauran abin da za su lissafa muku, yawancinsa ado ne.

Shekarar da wayoyi masu hoto suka cika gari ita ce mummunar shekararmu. Kawu ya riga ya rasu. Sai in wuni a shago ba wanda ya leƙo sai mai neman canji, har na sa kular zoɓo a bakin ƙofa. Masu hoto uku da na sani tsakanin nan da Gazara suka rufe, ɗaya ya koma acaɓa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Abin da ya riƙe ni ɗakuna ne. Mata sun gaya wa juna cewa akwai wadda ke shiga ɗaki mai duhu da turmi da farin zane ta fito da shi kamar kana ciki, kuma iyaye mata ba su daina son ganin inda ba za su je ba.

Yanzu wayoyinku sun iya duhu, ban musa ba. Amma makon jiya aka aurar da 'yar farin Rabi, aka kai ta Kudan. Inna Balaraba ta daɗe da rasuwa, Rabi kuma ta zama shugabar makaranta, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Jiya da la'asar sai ga ta a shagon nan. Muka gaisa, muka tambayi gida da gajiyar biki. Ta fiddo waya ta nuna mini hotunan da ƙawayen amarya suka turo mata daga wurin jere, ta yi ta ja da yatsa ba su ƙare ba. Duk fuskoki ne, kowa ya turo baki gaba, ɗakin yana bayansu a narke.

Ta kashe wayar, ta duba ƙofa ko akwai mai ji, ta ce, "Anti Asabe, ki je ki ɗauko mini ɗakin yarinyar nan. Ɗakin kawai."

Ban tambaye ta me take nema ba. Gobe da hantsi zan tafi, na riga na wanke farin zanen. Wadda ke son koyo a cikinku ta zo ta riƙe mini shi, amma ta sani tun yanzu: in mun shiga ba mai tambayar amarya komai, kuma ba mai taɓa ko cokali. Ni ma ban san inda tasar ta kwana ba.